Amsa ga Yaya: yadda muke kama hayar gida a birnin Niyok na Amurka

Yaya barka da war haka, ya iyali ya Kano. Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, kuma dariyar da ka yi da ka ji kuɗin hayata wallahi ban ji haushi ba, kowa a gida haka yake yi, ya juya dala zuwa naira ya ce kai ai wannan kuɗin fili ne a bayan gari. Tambayarka dai biyu ce, me ya sa magidanta da gemunsu suke cunkushewa a gida ɗaya, kuma me ya sa har yau ban sayi nawa ba. To bari in warware maka.

A Kano in kana da kuɗin shekara a aljihu magana ta ƙare, dillali ya kai ka, mai gida ya tambayi kai ɗan ina ne, kana da aure, a ba ka makulli. A nan wata-wata ake biya, kuma kuɗin hannu ba ya kama gida, takarda ce ke kamawa. Yawancin masu gidaje suna so abin da kake samu a shekara ya ninka hayar wata sau 40, wato gidan dala 2,000 sai ka nuna kana samun 80,000. Mafi ƙarancin albashi a birnin nan a 2025 dala 16.50 ne a awa, in mutum ya yi awa 40 a sati duk shekara bai wuce 34,000 da ɗoriya ba, kaga ko rabi bai kai ba. Sannan su nemi takardun albashi, da na haraji, da na banki, da uwa uba kiredit, wato tarihin yadda kake cin bashi kana biya. In ba ka cika ba sai su ce ka kawo wanda zai tsaya maka, shi kuma sau 80 ake nema a wajensa, ina za ka same shi a cikinmu 'yan tasi da masu kai abinci a keke da masu gadi da matanmu masu kitso da jinyar tsofaffi?

Da can baƙo yakan ce to ga kuɗin wata shida a gaba, mai gida ya kawar da kai. Dokar jiha ta 2019 ta hana karɓar ajiya ko kuɗin gaba da ya wuce na wata ɗaya, ta kuma ce kuɗin binciken mai neman gida kar ya wuce dala 20. Doka ce mai kyau, ta ceci talakawa da yawa, amma mu ta rufe mana ƙofar da muka fi iya shiga, don mu tara kuɗi muka iya, cin bashi ne ba mu iya ba.

Maganar kiredit ɗin nan ita ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mutum ya taso an koya masa bashi hanji ne yana cikin kowa amma a guje shi, riba kuma haramun ce, ya zo nan ya yi shekaru yana sayen komai da tsabar kuɗi, ba a binsa ko sisi, ranar da ya je neman gida a buɗe kwamfuta a ce ai kai ba ka da tarihi, ba mu san ka ba. Wanda yake iyo a bashi amma yana biya a kan lokaci shi ne mutumin kirki a wajensu. An sha kai ruwa rana a masallatanmu a kan wannan, wasu malaman suka ce katin bashi tun daga sa hannu ka yarda da riba saboda haka a bar shi, wasu suka ce lalura ce, ka karɓa ka sayi ɗan mai ko cefane ka biya duka kafin ranar da ruwa zai hau. Ni na biyun na bi, kuma duk yaron da ya zo shi nake faɗa masa. Ban ce na farkon ba su da hujja ba, amma na ga dattawan da suka bi su har yanzu a ɗakin wani suke.

Gidan ma kansa babu. Binciken da birnin ya yi a 2023 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari kacal na gidajen haya ne babu kowa a ciki, rabon da a ga haka tun 1968. A Manhatan matsakaiciyar haya ta haura dala 4,000 tun 2022, shi ya sa ko su Sanagal ɗin da suka yi kaka-gida a titi na 116 a Harlem da yawansu tsada ta turo su nan Buronks wajenmu. Ga kuma dillali, wanda a da shi mai gida ne yake ɗauko shi amma kai za ka biya shi har kashi 15 cikin ɗari na hayar shekara, wato 3,600 a gidan 2,000, ka haɗa da watan farko da ajiya ka ga 7,600 kafin ka sa ko katifa. Sai a watan Yunin 2025 doka ta fara aiki cewa wanda ya ɗauko dillali shi zai biya shi. Ana dai ta ƙorafin wasu sun cusa kuɗin cikin hayar.

To ya muke yi? Mutane muke bi. Hausawan nan gauraye ne, 'yan zangon Kumasi da Nima na ƙasar Gana sun fi yawa kuma sun riga mu kafuwa, ga 'yan Nijar, ga na Togo, mu 'yan Najeriya tsiraru ne, amma Hausa ta haɗa mu, kuma ɗaki a ƙofar masallaci ake samunsa bayan sallar Juma'a ko a guruf ɗin WhatsApp, ba a intanet ɗin Turawa ba. Wani zai ce akwai ɗaki a wajen wane, ba a son mai shan sigari, ba a son mai kawo mata. Wanda ke da takardu da kiredit shi ke sa hannu a yarjejeniya, sauran su riƙa ba shi nasu kason kafin ɗaya ga wata, kuma wannan amana ce babba don in mutum ɗaya ya makara sunan mai sa hannun ne zai ɓaci. Kuɗin shiga gida kuwa adashe ne ke fitar da mu, in aka san kana neman gida sai a ba ka ɗaukar farko ko da ba layinka ba ne.

Gidan gwauraye in ka shiga za ka ga an raba falo da labule ko da durowa, takalma jibge a bakin ƙofa, firij ɗaya kowa da shelf ɗinsa da sunansa a jikin robar miya, buta a banɗaki, takardar wanda zai yi shara manne a bango. Mai tuƙin dare yana shigowa bayan asuba mai aikin safe yana fita, wani lokacin gadon ma ɗaya ne. Ba abin alfahari ba ne, amma da haka aka yi ginin da kuke gani a gida, da haka ake turo kuɗin makaranta da na azumi.

Baƙo in ya sauka ba a karɓar komai a wajensa, ya ci ya kwanta a falo har ya samu aiki. Amma da ya fara karɓar albashi ana sa ran shi da kansa zai miƙo wani abu na wuta da abinci, ba wanda zai faɗa masa, kuma wanda ya yi kamar bai gane ba labarinsa zai zaga, ranar da zai nemi ɗaki kowa ya ce babu.

Akwai gidajen da muke riƙewa da haƙori, masu ƙayyadadden ƙarin haya, kusan miliyan ɗaya ne a birnin. Wani kwamiti ne ke zama duk shekara ya yanke nawa za a ƙara, a 2025 kashi 3 ne ga yarjejeniyar shekara ɗaya, 4.5 ga ta shekara biyu, kuma mai gida ba zai ƙi sabunta maka haka kawai ba. Irinsa nake ciki, hawa na biyar babu lif, buhun shinkafa a kafaɗa nake hawa da shi, kuma ko an ba ni mai lif ba zan tashi ba. Wasu in za su koma Ohayo ko Girinsboro, inda 'yan Nijar suke da yawa, sai su bar wa ɗan gari gidan da sunansu yana biya a ɓoye. Ina hana mutane wannan, don gadon irin gidan nan a doka sai iyalin da suka zauna tare da kai, galibi shekara biyu, in mai gida ya gano kotu ce. Gidajen gwamnati kuwa sai dai ka cika fom ka manta, da aka buɗe rajistar tallafin haya na Section 8 a Yunin 2024 sama da mutum 600,000 ne suka nema.

Abin da ba na wasa da shi shi ne sanyi da wuta. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole ne mai gida ya ɗumama gini, in ya ƙi ka kira 311 ka kai ƙara, ba a tambayarka takardun zama. Mutanenmu sai su ji tsoro su yi shiru su sayo hitar lantarki su kwana da ita. Ita ta tayar da gobarar ginin Twin Parks nan Buronks ranar 9 ga Janairun 2022, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, yawancinsu 'yan Gambiya, hayaƙi ne ya kashe su don ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ba ta rufe ba. A 2007 ma haka aka yi da wasu iyalan Mali, mutum goma, tara yara. Allah ya jiƙansu. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa shi ma arha ne amma a ambaliyar guguwar Ida a Satumban 2021 mutum 11 ne ruwa ya ci a irinsu. Duk wanda ya ce min ya samu besmen mai sauƙi tambayata ta farko ƙofa nawa gare shi.

Wani abin da zai ba ka mamaki, mai gida a nan ba shi da ikon watso maka kaya waje ko canza makulli, in ka yi kwana 30 a wuri sai ta kotu, kuma tun 2017 birnin yana ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Amma mu rigimar da ta fi yawa ba da mai gida ba ce, tsakaninmu ce, kuma ba ma kai ta kotu, liman da dattawa ke zama su raba. Sai kuma maƙwabta, su ce warin daddawa da soyayyen kifi ya cika musu baranda, mu mu ce kiɗansu ya hana mu barci, in an haɗu a matakala a gaisa. Taron suna da na biki zaure ake kamawa, ragon layya kuma sai an fita gona ko mayanka, ba inda za ka ɗaure shi.

Sayen gida kuwa Yaya, bashin shekara 30 ne da ruwa a kai, ga kuɗin gaba mai kauri, ga harajin gida duk shekara. Akwai kamfanonin da ke yi ta tsarin Musulunci kuma wasunmu sun saya, galibi a wajen birni. Yawancinmu dai zuciya tana gida, kowa cewa yake saura kaɗan in koma, bulo yana hawa a Kano ko Damagaram ko Kumasi, yaran da aka haifa a nan kuma suna girma suna cewa su nan ne garinsu.

Batun yaronka da ka sako a ƙarshe, in Allah ya sa ya samu biza ta halak ya zo, falo na nan, maman yara ma ta ce babu komai. Amma ka faɗa masa tun yanzu kar ya sa ran ɗakin kansa a shekarar farko, kuma kar ya tura wa kowa ko dala ɗaya a kan gidan da ya gani a hoto a Facebook, 'yan damfara sun cika wurin. Ya zo da takardun makarantarsa na asali, rigar sanyi kar ku wahalar da kanku a Kwari, a nan za mu saya masa. Ka gaida Hajiya, ka ce mata zan kira ranar Lahadi in sha Allah.