Amsa: wai me ke tura dutse bayan ya bar hannu?

Malam, tambayarka kan abin da mutanen zamanin da suke cewa yana tura dutse in an jefa shi, da kuma dalilin faɗowarsa, ai tsohuwar rigima ce wallahi.

Aristotle na Girka cewa ya yi komai na da mazauninsa, ƙasa da ruwa ƙasa suke nema, iska da wuta sama, shi ya sa dutse ke faɗowa hayaƙi kuma ya tashi, kuma wai mai nauyi ya fi saurin isowa. Inda ya sha wuya shi ne jifa, sai ya ce iska ce ke ci gaba da tura dutsen, ni dai wannan bai taɓa shiga kaina ba, iskar da ke tare ka in kana gudu? Philoponus a Iskandariyya, ƙarni na 6, ya ce sam, hannu ne ke zuba wa dutsen wani ƙarfi. Ibn Sina, wanda ya rasu 1037, ya kira shi mail, har ya ce ba don iska na cinye shi ba da ba zai ƙare ba, ka ga ya kusa sosai da abin da kimiyyar yau ke faɗa.

Faɗuwa kuwa, a 1586 Simon Stevin a garin Delft na ƙasar Holland ya saki ƙwallayen dalma biyu daga tsayin ƙafa 30, ɗaya ta ninka ɗaya sau goma a nauyi, ƙara ɗaya aka ji, wato tare suka iso ƙasa. Galileo kuma gangara ya yi da katako yana mirgina ƙwallo, yana auna lokaci da ruwa, ya ga tazarar da ƙwallon ke ci a kowane lokaci daidai tana ƙaruwa 1, 3, 5, 7. Labarin cewa ya saki ƙwallaye daga saman hasumiyar Pisa kam ɗalibinsa ne ya bayar bayan Galileo ya mutu.