Malamar gona za ta iya taimaka wa 'yan matan da damuwa ta addaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matashiya ce da na karanci aikin gona, ina kuma jagorantar wata ƙungiyar 'yan mata masu noman rani a ƙauyenmu. Da muka saba, sai wasu suka fara kawo mini kukan da bai shafi gona ba: wata ba ta iya barci tun da 'yan bindiga suka far wa garinsu, wata kuma an cire ta daga makaranta, kullum cikin kuka take. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Ya dace in sa hannu, ko in tsaya kan albasa da tumatir?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ya dace ki sa hannu, muddin kin san iyakarki. An daɗe da gane cewa mace ta fi sakin jiki da 'yar uwarta mace, shi ya sa ma tun ƙarshen shekarun 1980 hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohi suka buɗe sashen mata, domin malamin gona namiji ba ya iya shiga gidan da ake kulle. A fannin lafiyar ƙwaƙwalwa ma haka ne. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da dattijan mata, waɗanda ba likitoci ba, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi.

Aikinki shi ne sauraro ba tare da gaggawar yin wa'azi ko yanke hukunci ba, da riƙe amana, da taimaka wa yarinya ta ware matsala ɗaya da za a iya taɓawa a wannan makon. Wadda ba ta barci kada ki matsa mata ta sake ba da labarin harin. Ki bar ta ta faɗi abin da take iya faɗa, ki kuma ba ta fangalinta ta riƙa yi masa ban ruwa tare da sauran, domin fitowa cikin mutane da aikin da ake ganin amfaninsa suna rage zaman kaɗaici.

Inda iliminki na gona ya fi shafar wannan batu kai tsaye shi ne maganin feshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha, kuma sau da yawa cikin ɓacin rai na ɗan lokaci ne, wanda da maganin ba ya kusa da ya wuce. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a 2019. Saboda haka idan kina koyar da feshi, ki haɗa da koyar da ajiya: a sayi daidai buƙata, a kulle ragowar a akwati a wajen ɗakin kwana, makulli kuma ya zauna a hannun babba. A ganina wannan darasi ya fi muhimmanci a kan yawancin lakcocin wayar da kai.

Akwai alamun da suka fi ƙarfinki. Idan yarinya ta ambaci kashe kanta, ko ta daina ci da magana, ko tana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko tana faɗuwa tana shure-shure, kada a bar ta ita kaɗai, a sanar da wani babba da ta yarda da shi, a kai ta asibiti mafi kusa. Daga nan za a iya tura ta asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Idan iyaye suka ce iska ce, kada ki yi jayayya da su. Ki nuna musu cewa addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya.

Kafin zama na gaba, ki je ki gabatar da kanki ga jami'ar lafiya ta asibitin garinku da kuma mai unguwa, ki karɓi lambar wayarsu.