Martanin ƙasashen da ba sa cikin Kotun Duniya idan an tuhumi shugabanni

Malam, ka tambayi abin da ƙasashen da ba su shiga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ba suke yi idan ta tuhumi shugabanni da laifukan yaƙi. Da farko sukan ce kotun ba ta da hurumi a kansu, daga nan sai ramuwa ta biyo baya. Lokacin da aka ba da sammacin kama Umar al-Bashir a watan Maris na 2009, gwamnatin Sudan ta kori ƙungiyoyin agaji 13 na ƙasashen waje, kuma waɗanda suka ji jiki su ne 'yan gudun hijirar Darfur da ke layin abinci da magani a sansanoni. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Rasha kuwa, bayan sammacin Putin a 2023, sai ta buɗe tuhuma a kan mai gabatar da ƙara na kotun, Karim Khan. Amurka ta goyi bayan tuhumar da kotun ta yi wa Putin, amma bayan sammacin Netanyahu ta ƙaƙaba wa Khan takunkumi a 2025, kamar yadda ta yi wa Fatou Bensouda, wadda ta riƙe muƙamin kafin shi, a 2020 saboda binciken laifukan yaƙi a Afganistan.