Tambaya da Amsa: Me ya sa rumfar tamfol ta bayan Hilux ke yawan yagewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai ƙofa huɗu, da ita nake shiga ƙauyukan Wurno da Goronyo ɗauko albasa, wani lokaci da yaran aiki a baya. Sau biyu ke nan cikin shekara ɗaya ana ɗinka mini rumfar tamfol, duk ta kusurwa suke yagewa, zoben igiyar kuma ya fice. Tamfol ɗin ne ba shi da kyau, ko ɗinkin ne? Yaya ake yin wadda za ta jure? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Inda ka ce rumfar tana yagewa ya riga ya nuna mai laifin. Tamfol ɗin da rana ta cinye, saman ne ke fara bushewa ya tsattsage. Wanda ya yage ta kusurwa da bakin zobe kuwa, kaɗawa ce ta kashe shi. Mota na gudu a kan gargada, iska na shiga ƙarƙashinsa, yana bugun ƙarfe fal-fal tun daga gari har ka isa gona. Ko mafi tsadar tamfol ka sayo, haka zai ƙare in ba a gyara ƙarfen da ɗaurin ba. Don haka daga wurin mai walda aikin yake farawa, tela shi ne na biyu.

Bayan motarka tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi ne, faɗin ma kusan haka. Baka uku na bututun ƙarfe sun isa, tazarar da ke tsakaninsu kusan santimita 75, ko da yake huɗu sun fi in kana yawan tafiya da damina. Bututun ya zama mai faɗin inci ɗaya ko ɗaya da kwata, kaurin jikinsa milimita 1.5 zuwa 2. A haɗa su da sanduna uku a tsawo, ɗaya a tsakiya, biyu a kafaɗa. Abin da masu walda da yawa ke tsallakewa shi ne doro: tsakiyar kowane baka ya ɗara gefensa da santimita 5 zuwa 8. In saman ya kwanta shimfiɗe, ruwan Agusta zai taru ya yi tumbi, kuma kowace lita kilo ɗaya ce rataye a kan ɗinki. Kusurwoyin a lanƙwasa su, kada a yanka a haɗa da walda su yi tsini. Duk inda aka yi walda a goge shi sumul, ka bi da tafin hannunka, in ya karce ka to zai ci tamfol. Daga nan fenti, sannan a tsaga tsohon tiyon ruwa a rufe kafaɗun da shi.

Kada ka yarda a yi wa jikin motar walda. Bodi yana murɗawa a rami, waldar za ta tsage ta tafi da fatar ƙarfen. A yi wa kowace ƙafa faranti, a ɗaure da kusoshi masu kaurin milimita 8, da washa sama da ƙasa, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi, a sa guntun robar cikin taya tsakanin faranti da bodi. Tsayin rumfar kuma kada ya zarce kan gidan direba sosai. In dole ne saboda masu zama, bakan gaba ya fi na baya gajarta, iska ta zame ta sama maimakon ta daki rumfar a goshi.

Tamfol iri biyu za ka tarar. Akwai na roba irin na manyan motoci, ka nemi mai nauyin giram 600 zuwa 700 a kowace murabba'in mita. Ruwa ba ya ratsa shi, amma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, ƙarƙashinsa tanda ne, albasa kuma ba ta son gumi. Akwai na zaren auduga mai kauri, wanda ke numfashi, ya fi sanyi, sai dai yana tsukewa in ya sha ruwan farko. Ga mai albasa da mutane a baya, na audugar muke zaɓa, da sharaɗin a jiƙa shi sharaf a shanya ya bushe kafin almakashi ya taɓa shi. Launi mai haske, fari ko ruwan ƙasa. Koren soja ka bar shi, tambayoyi kawai zai jawo maka a shingen bincike. Kusan mita 7 na mai faɗin mita ɗaya da rabi za su ishe ka har da faci.

Kada tela ya yanka da awon baki. A kai masa motar da ƙarfen a ɗaure, ya shimfiɗa tamfol a kai, ya matse, ya zana da alli. A nan ne ake samun rumfar da ta zauna daram. Zare na foliyesta mai kauri, irin na masu ɗinkin kujerun mota. Na auduga yana ruɓewa, na nailan rana na cinye shi. Allura lamba 20 ko 22. Taku ya zama mai faɗi, milimita 4 zuwa 5, domin ɗinki mai ƙanana-ƙananan taku layin huji ne kawai, ta nan tamfol zai ɓalle kamar takardar rasit. Kowace mahaɗa layi biyu, na sama ya hau kan na ƙasa kamar jeren kwano, na gaba ya hau kan na baya. Ta ciki, duk inda ƙarfe zai taɓa, a ɗinka faci tun yanzu. A kuma ɗinka 'yan madaurai a ciki waɗanda za su kama kowane baka, su ne ke hana saman kumbura in kana gudu.

Zoben da ke ficewa kuwa, don an buga shi a kan falle ɗaya ne. A kalmashe bakin santimita 5 sau biyu, a tura tsohon bel ɗin kujerar mota a ciki a ɗinke, sannan a huda. Zoben tagulla, ba na baƙin ƙarfe mai tsatsa ba, ɗaya a kowace santimita 25, biyu kusa da juna a kusurwa. Ɗaurin ma kada ya zama busasshiyar igiya. Igiyar roba ko yankakkiyar robar cikin taya ita ke shanye fizgar da rami ke yi. Ka ɗora rumfar da rana tsaka tana laushi, ka fara da gaba, ka ja baya, sannan gefe da gefe. In ka buga da hannu ta amsa kamar ganga, ta yi. Bayan mako guda ka sake ja, ka sake bin notunan.

Akwai maganar da ta fi yagewa muhimmanci, tunda ka ce yara na zama a baya. Rumfar da aka rufe gaba da gefe aka bar baya a buɗe tana zuƙo ƙura da hayaƙin salansa zuwa ciki, hayaƙin nan kuma yana sa ciwon kai da jiri, yana iya kisa. Ka sa a buɗe taga a gaba mai faɗin tafin hannu biyu, da marufinta, kuma gefuna su zama masu naɗewa sama. Iskar da ta shigo ta gaba ita ke kore ƙurar hunturu ta baya. Sannan wannan ƙarfen na ɗaukar tamfol ne kawai, ba zai kare kowa ba in mota ta kife, kuma ba wurin ɗora buhuna ba ne.

In ruwan farko ya ɗan ɗiga ta layin ɗinki, kada ka mayar wa tela. Ka goga kakin zuma a kan layin ta waje, zaren audugar da ke kewaye da hujin zai kumbura ya toshe sauran. Wanki da ruwa zalla da burushi mai laushi, ban da garin sabulu, domin yana wanke maganin hana ruwan da ke jikinsa. Kuma kada ka naɗe shi da danshi ka ajiye, kwana kaɗan zai yi baƙin fumfuna.