Ku Tambayi Malam: Sukar Masu Mulki, Tura Saƙo da Gabar Siyasa

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga siyasa. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina yawan sukar masu mulki a Facebook, kuma ba na raga musu. Wani abokina ya ce duk giba nake yi. To sai mu zura ido su yi yadda suka ga dama ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka da gaskiyarsa, kai ma da taka. Giba, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya bayyana a hadisin Muslim, ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. In abin yana tare da shi ka yi gibarsa, in ba ya tare da shi ka yi masa ƙage. Hawa kujerar mulki ba ya halatta naman mutum.

Sai dai Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya kawo wurare shida a Riyadus Salihin da aka yarda a ambaci aibin mutum. Daga ciki akwai kai kukan zalunci ga mai ikon share hawaye, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a, da kuma mai bayyana fasiƙancinsa a fili. A misalan wannan na ƙarshe har da mai karɓe dukiyar mutane bisa zalunci. Amma ya sa sharaɗin da masu rubutu suka fi mantawa: abin da mutumin ya bayyana kaɗai za ka faɗa, sauran aibobinsa suna nan a kan haramci.

Don haka kafin ka wallafa, ka duba ko maganar ta aikin ofis ce ko ta cikin gida. Kasafin kuɗi, kwangila, naɗin muƙami, alƙawarin da aka ɗauka lokacin kamfe, duk haƙƙin jama'a ne. Matar mai mulkin da 'ya'yansa da surar jikinsa ba su shiga ciki ba. Sannan ka duba me ke hannunka: takarda, adadi, ko "an ce"? Ka kwatanta jimlolin nan biyu: "An ware kuɗin asibitin nan a kasafin bara, har yau ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, ina kuɗin suka tafi?" da kuma "Ɓarawo ɗan ɓarayi." Ta farko dole a ba ta amsa ko a ji kunya. Ta biyu kuwa ta ba magoya bayansa hanyar tserewa, domin daga nan zancen ya bar asibiti ya koma kan rashin tarbiyyarka. Ga kuma hadisin Bukhari da Muslim da ya sa zagin iyaye cikin manyan zunubai, inda aka bayyana cewa mutum kan zagi uban wani, shi ma a rama a kan nasa.

Abu biyu kada ka kusance su ko da wasa. Laƙabin izgili, wanda aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana ƙarara, da jifan mutum da zina. Wannan ƙazafi ne, hukuncinsa a aya ta 4 ta Suratun Nur bulala 80 ne ga wanda bai kawo shaidu huɗu ba, ko da wanda aka jefa ɗin abokin adawa ne.

Tambaya: Malam, a zaurukan WhatsApp ana turo mana bidiyo da muryoyin 'yan siyasa suna ɓatanci ga addini, a ce mu yaɗa don Allah. Ni dai turawa kawai nake yi, ba ni na haɗa ba. Akwai laifi a kaina?

Amsa: Baiwar Allah, akwai, in abin ya zamo ƙarya. Muslim ya ruwaito a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. A lamarin ƙagen da aka yi wa Nana A'isha (RA), cikin waɗanda aka yi wa haddi akwai sahabbai na gari irin su Misɗahu da Hassanu ɗan Sabitu, alhali ba su suka ƙirƙiro zancen ba, ɗauka suka yi suka faɗa. Aya ta 15 ta Suratun Nur ta siffanta abin da kyau: kuna karɓarsa da harsunanku, kuna ɗaukarsa ƙaramin abu, alhali babba ne a wurin Allah.

Tantancewar da aya ta 6 ta Hujurat ta yi umarni da ita ba ta da wuya a waya. Ki fara duba saman saƙon. In kin ga kibiya biyu, WhatsApp na gaya miki cewa ya bi ta hannu biyar ko fiye, wato wadda ta turo miki ma mai yiwuwa ba ta san asalinsa ba. Bidiyon da bai wuce daƙiƙa 20 ko 30 ba, ki nemi cikakkensa, domin yawancin fitina daga yankewa take: a cire "wasu suna cewa" daga farkon jimla, sai mai warware magana ya koma mai faɗinta. Hoto kuwa, ko wani ɓangare da kika ɗauka daga bidiyon, ki sa shi a Google Lens ki ga inda ya fara fitowa da ranarsa. Sau da yawa tsohon abu ne na wata ƙasa aka yi masa sabon suna. Murya zalla ba tare da fuska ba ta fi kowanne rauni yanzu, tunda akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. Saƙon da ya zo da "kada ya tsaya a wayarka" ni a wurina wannan ma dalilin tsayar da shi ne. In kin riga kin tura sannan gaskiya ta bayyana, ki koma zaurukan da kika tura ɗaya bayan ɗaya ki gyara, ba ki goge ki yi shiru ba.

Tambaya: Ni da yayana wata biyar ba ma magana tun bayan zaɓe. Ya ce duk wanda ya zaɓi ɗan takarar da na zaɓa ya sayar da addininsa. Shi ne babba, kuma shi ya fara. Ya zan yi?

Amsa: Maganar yayanka tana da hatsari a kansa shi kansa, domin hadisi ya tabbata cewa wanda ya kira ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Zaɓe tsakanin 'yan takara auna maslaha da ɓarna ne, kuma mutane biyu masu tsoron Allah suna iya aunawa su saɓa. Sahabbai sun kai ga zare takobi a yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan hijira, amma Ammaru ɗan Yasir, yana tara wa Sayyidina Ali mayaƙa a Kufa, ya rantse wa mutane cewa Nana A'isha, wadda ke ɗaya ɓangaren yaƙin, matar Annabinsu ce duniya da lahira. Bukhari ne ya ruwaito. Bai bar ɓangarensa ba, bai kuma tauye mata darajarta ba.

Ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi iyakarsa kwana uku, kuma mafi alherin biyun shi ne mai fara sallama. Naku ma ya haɗa da yanke zumunci. Ka je da ƙafarka, ba saƙon waya ba, a lokacin da babu 'yan kallo, domin babba ba ya son ya sauko gaban jama'a. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali, kada ka ɗauko zancen zaɓe ko ka nemi ya janye kalmarsa a zaman farko. In ya tayar, ka ce, "Yaya, gaisuwa ta kawo ni." In ya ƙi amsa sallama, ka sauke nauyin da ke kanka, sai ka sa wani babba da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani.

Tambaya: Gafarta Malam, wannan lallaɓawar ba sassauci ba ne? Akwai masu neman kafa dokokin da suka saɓa wa addini fili da fili.

Amsa: Matsayi daban, lafazi daban. Abin da Allah ya haramta ba ya halatta don rinjayen ƙuri'a, kuma hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya kira kalmar adalci gaban azzalumin shugaba mafificin jihadi. Amma da Allah ya aiki Annabi Musa da Haruna (AS) wurin Fir'auna, cewa ya yi su faɗa masa magana mai laushi, a aya ta 44 ta Suratu Ɗaha, kuma saƙon bai ragu da komai ba. Aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin gumaka ma, don kada masu su su rama da zagin Allah. In doka ce kake adawa da ita, ka samo daftarin ka karanta, ka ambaci sashen da lambarsa, ka rubuta wa wakilinku a majalisa, ka halarci zaman jin ra'ayin jama'a in an kira. Kuma in abokin hamayyar ya yi wani abu daidai, ka faɗa, domin aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai ka ga rashin adalci. Wallahu a'alam.