Tambayoyi da Amsoshi: Kukan Famfon Mai da Abin da Waya Ke Iya Ganowa

Tambaya: Malam, motata tana tafiya lafiya a cikin gari, amma da zarar na hau babban titi ko na fuskanci tudu sai ta riƙa fizga kamar za ta mutu. Kwanan nan kuma ina jin wani kuka daga ƙarƙashin kujerar baya. Ni dai ba na bari mai ya ƙare mini, domin fitilar mai tana kamawa nake zuwa in sha.

Amsa: Malam, jimlarka ta ƙarshe ce ta tona maka asiri, kuma na gaji da maimaita wannan magana. A yawancin motocin zamani famfon mai na lantarki ne, yana zaune ne a cikin tanki, kuma man da yake turawa shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke hana sassansa gogar juna. Wanda ya mayar da fitilar gargaɗi ma'aunin mansa, to kullum famfonsa cikin zafi yake aiki, ga shi idan motar ta sha kwana ko ta hau tudu ɗan man da ya rage yakan koma gefe guda, famfon ya zuƙi iska. Mutum ba ya yarda cajin wayarsa ya sauka ƙasa da rabi, amma tankin motarsa kullum a kan ja yake!

Lafiyayyen famfo ƙugi yake yi a hankali, wanda da ƙyar za ka ji shi. Idan ƙugin ya zama siririn kuka mai shiga kunne, famfon ya fara gajiya. Fizgar da kake ji kuwa dalilinta shi ne injin ya fi buƙatar mai a kan gudu da hawan tudu da ɗaukar kaya, gajiyayyen famfo kuma ba ya iya cike wannan buƙata. Abin da kan biyo baya shi ne motar ta mutu idan ta yi zafi, ta ƙi tashi sai ta huce.

Kada ka yarda a canza famfon da ka. Toshewar matatar mai tana kawo irin waɗannan alamu, don haka ka sa bakanike ya auna ƙarfin turin man da geji. Injinan fetur masu nozul na yau da kullum suna aiki ne da ƙarfin turi na kimanin bar 3 zuwa 4 a kan geji (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turi), ainihin adadin kuma yana cikin littafin motarka. Ni dai tankina ba ya sauka ƙasa da kwata.

Tambaya: Na sayi 'yar na'urar OBD2, wadda ake jona wa mota don karanta lambobin matsala, mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai manhajarta ta nuna mini lambar P0087. Famfon ne ya mutu?

Amsa: Hajiya, wayarki ba boka ba ce. Lambar tana cewa ne ƙarfin turin mai ya yi ƙasa, ba ta faɗi mai laifi ba. Zai iya zama famfon, ko matata, ko na'urar da ke daidaita turin. Ki ɗauki hoton lambar kafin ki goge ta, ki nuna wa bakanike.

Tambaya: Kik yana juyawa sosai, amma motar ta ƙi tashi.

Amsa: Ka kashe rediyo, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, ka kasa kunne. Ya kamata ka ji ƙugi na kusan daƙiƙa 2 daga wajen tanki. Idan shiru ne, fara da duba fis da rile (ɗan makunnin da ke ba famfon wuta) kafin ka zargi famfo.

Tambaya: An ce idan aka bubbuga ƙasan tanki famfon yakan farfaɗo. Gaskiya ne?

Amsa: Wani lokaci yakan tashi, kuma tashin nasa shaida ce cewa ya zo gargara. Idan motar ta kama, ka nufi gareji kai tsaye, kada ka kashe ta a hanya.