Wace manhaja ta dace da koyar da Python a makarantar karkara?

Malam, ka tambayi manhajar rubuta shirye-shiryen kwamfuta da za ka koyar da ɗalibanka Python (wani harshen rubuta irin waɗannan shirye-shirye) da ita a makarantar sakandare ta wajen Ringim, inda kwamfutocin tsofaffi ne kuma intanet sai an yi sa'a. Shawarata ita ce ka ɗauki Thonny.

An ƙirƙiro Thonny a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya musamman domin masu koyo, kyauta ce, kuma tana zuwa da Python a cikinta, saboda haka sauke ta sau ɗaya a filashi ya wadatar ka girka ta a kowace kwamfuta ba tare da ƙona data ba. Babban amfaninta shi ne tana barin ɗalibi ya bi shirinsa layi bayan layi, yana kallon yadda darajar x (sunan da aka ba wata lamba a cikin shirin) ke sauyawa daga 1 zuwa 2 zuwa 3 a gefen allo, abin da bayanin baki da alli ba sa iya nunawa sosai.

Ita kuwa VS Code, wata manhajar rubuta shirye-shirye wadda Microsoft ta fitar a 2015, ta ƙwararru ce. Tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai an sauke mata ƙarin kayan Python daga intanet, kuma tun 2022 ta daina tallafa wa Windows 7, tsarin da ake samu a tsofaffin kwamfutoci. Ga kuma cike wa yaro kalma kafin ya rubuta, wanda a ganina lalaci yake koyarwa a matakin farko.

IDLE, ƙaramar manhajar da ke zuwa tare da Python, ita ma tana aiki, idan kwamfutar ta gaza ƙwarai.